Zakaran Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, a Falanko, ya san zakaran da yake ɗaurewa a ƙafarsa in zai kwanta, wai kada barci ya yi gaba da shi. Kwanciyar ma ba ta kirki ba ce. Sai ya gama zagaya rumbuna da turken awaki, sannan ya jingina da bango a zaune. Zakara na motsawa, sai ya miƙe ya bi gida gida yana dukan danga: "Ku tashi, gawawwaki, an riga ku rijiya!"

Wata rana na ce, "Kawu, ka riƙa ɗan kishingiɗa da rana mana."

Ya ce, "Kai ɗan nan! Barcin da ke jirana a kabari bai isa ba?"

Bayan farin da ya cinye mana shanu, ƙirjinsa ya fara ɗaurewa, ko guga ɗaya ya ja sai haki. Da ƙyar muka kai shi asibitin Tanut a motar kasuwa. Majo, babban mai jinya, ya auna shi ya girgiza kai.

"Baba, jininka ya hau, zuciyarka ta gaji. Awa nawa kake barci?"

"Tambayi zakara."

Majo ya ce, "Ko raƙumin jan ruwa ana kwance shi ya huta. Zuciyar nan in ba ka ba ta barci ba, durƙushewa za ta yi. Ga ƙwayoyi, amma a raba ka da zakaran nan."

Muna dawowa, matar Kawu, Inna Hajo, ta sa na yanka zakaran a ɓoye, ta yi romo. Kawu ya sha har da suɗe kwano. Da aka yi isha'i ya ɗauko igiya.

"Hajo, ina zakarana?"

"Yana cikinka, Malam."

Ya shafa cikinsa, ya ce, "To madalla! Yanzu ba sai da igiya ba." Wallahi, ko asuba ba ta yi ba ya fito dukan danga.

Damina biyu ya ƙara. Wata safiya duk unguwa muka farka rana a fuskarmu, har liman ya makara. Muka same shi a miƙe kan tabarma. Ban taɓa ganinsa a kwance ba sai ranar.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya ba ka hutun da ka hana kanka, ya tashe ka cikin masu rabo. Amin.