Surukata Mai Ɗinke Yara

Surukata Dorcas Tebbutt shekara talatin ta yi tana ɗinkin buhu a majemar bayan layinmu, kudu da kogin Thames, kuma duk abin da take ƙauna sai ta sa masa allura. A cikin 'ya'yanta takwas, biyu sanyi ya kama musu ƙirji suka rasu. Tun daga nan, da Nuwamba ta kama sai ta mulke yaro da kitsen agwagwa, ta naɗa masa takarda a ƙirji, ta ɗinke masa rigar ulu a jiki ruf. Ba a farkewa sai Afrilu. Rabin layinmu haka suke yi, amma ɗinkinta ko wuƙa na shakkarsa.

A 1929 ɗana Cyril ya cika shekara uku bai taɓa takawa ba, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka. Na kai shi asibitin yara na hukumar gari, wanda ake duba haƙori a samansa. Likita ya ce ƙashinsa ne bai yi ƙwari ba saboda hayaƙi ya tare mana rana. Ya ce a riƙa kawo shi ɗakin fitila mai haske irin na rana sau biyu a mako, kuma sai an tuɓe shi.

"Tsirara? A Janairu?" in ji Dorcas. "Ke Elsie, a kan ƙanƙara aka haife ki?"

"Inna, in bai sha hasken nan ba, gurgu zai zama."

"Gurgu dai yana numfashi."

Kwana biyu ko gaisuwata ba ta amsawa. Ran na uku sai ga ta da almakashi a aljihu, ta ce in dai za a farke ɗinkinta, ba da hannun wata ba.

Duk Talata da Juma'a ita ke farkewa. Sista Maddox, mai kula da ɗakin, ta ɗaura wa Cyril baƙin tabarau ta kwantar da shi cikin yara, Dorcas kuma ta cusa rigar a ƙirjinta kada ta huce. Ana fito da shi ta sake ɗinkewa a kan benci.

"Kaka, labarin maɓalli bai iso gare ki ba?" in ji Sista.

"Ya iso ga iska ma, 'yar nan. Ta nan take shiga."

Na sha jin haushin tsohuwar nan. Amma duk tsoron sanyin da take yi, ko sau ɗaya ba ta yi fashin zuwa da almakashin ba, kuma a kan bencin nan na fara sonta.

Wata Juma'a a Maris, Dorcas na fama da zura zare, Cyril ya sulale daga benci. Ya dafa bango, ya saki, ya nufi ƙofar waje tangal-tangal, tsirara haihuwar uwarsa. Ƙofar a buɗe take, iska mai sanyi na kwararowa. Na zabura da rigar, sai Dorcas ta damƙe mini wuyan hannu.

"Zauna," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Bar shi ya kai ƙofar tukuna."