Ƙwayar da Aka Ba Ni a Karaye

Shekarar da al'adata ta fara rikicewa, ita ce shekarar da zafin jiki ya addabe ni. Ina zaune ina ɓarar gyaɗa a gidanmu na Tudun Kaya, sai in ji wuta ta taso mini daga ƙirji, gumi ya jiƙa ɗankwalina sharkaf. Maigidana, wanda shi ne mai unguwarmu, ya goya ni a babur zuwa asibiti a Karaye. Kafin in shiga, na hango ya ja malamar asibitin gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Ta auna jinina, ta yi mini tambayoyi, sannan ta ba ni katin wasu ƙananan ƙwayoyi, ta ce ɗaya kullum.

Zafin kuwa ya lafa.

Ana nan sai babbar 'yata ta zo ganin gida daga Falgore, ta ga katin a bakin gado. Ta ɗauka, ta juya shi, ta dube ni.

"Inna, wa ya ba ki wannan? Ai irin nawa ne, na tazarar haihuwa."

Autana ya riga ya shiga sakandare, amma ban taɓa ce wa kowa na gama haihuwa ba. Me maigidan ya faɗa wa malamar nan? Na daina sha, ban gaya masa ba. In ya ce "Yaya jikin?" sai in ji kamar ƙwayar yake tambaya.

Ranar kasuwar Rogo na ce zan je ganin jikokina, na zarce wani asibitin da ba a san ni ba. Na miƙa wa wata dattijuwar malama katin, na ce na maƙwabciyata ne.

"Shekarunta nawa?"

"Za mu yi sa'a."

Ta ɗan murmusa. "Yana hana ciki, gaskiya ne. Amma ana ba mata masu irin shekarunki don zafin jiki da rikicewar al'ada. Ki ce mata kada ta yi wasa da awon jini."

Da na dawo, na bari sai da na ajiye wa maigidan tuwo.

"Malam, me ka ce wa malamar Karaye?"

"Cewa na yi ta duba ki da kyau."

"Shi ne har da rage murya?"

"To, a gaban jama'a zan yi zancen al'adar iyalina?" Ya ci gaba da cin tuwonsa, bai ɗago ba.

Ban gamsu ba. Amma zafin ya dawo har ya fi na da, dole na koma Karaye, wannan karon ni kaɗai. Na tambayi malamar dalilin da ya sa ba ta gaya mini ɗaya aikin ƙwayar ba. Ta daɗe tana gyara abin awon jini a damtsena kafin ta ce, "Hajiya, ban zaci za ki damu ba." Na ce mata na damu, sannan na karɓi sabon kati.