Ba Bayan Alhaji Lawal Ba Ne

Shekara goma sha tara Malam Falalu ya yi yana gyaran injuna a wata masana'antar fata a Challawa. Ranar da aka rufe ta, ya ɗauki akwatin sifanunsa ya koma Sharaɗa, ya kafa rumfar kwano a bayan wani sito. Ba ya taɓa injin mota, ba ya taɓa wayoyin wutarta. Ƙasan mota kawai yake gyarawa: sifirin da shokazoba masu rage jijjiga, da robobin da ke riƙe su. Mutum ne mai zafin rai. Direbobi sun san in ka kawo masa aikin da wani ya jagwalgwala, sai ka sha faɗa kafin ka samu gyara.

Wata Talata da hantsi, tsohuwar Marsandi ja mai ƙofa biyu, irin wadda ake naɗe rufinta, ta tsaya a bakin rumfar. Mai ita, Alhaji Lawal, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya haura saba'in. Ya fito a hankali, hannu dafe da ƙugu. Ɗansa Mustapha ne ya tuƙo shi. Falalu ya san Mustapha sarai, domin shi ke kula da motocin wani kamfanin roba a Bompai, shi ke turo masa su gyara.

"Tun ina saurayi nake da ita," in ji Alhaji. "Da kamar a katifa nake. Yanzu ko tsakuwa na taka, har cikin ƙashin baya nake ji. Wata takwas ke nan. Yara sun ce jikina ne, sai kai ni asibiti ake yi ana yi mini allura."

"Girma ne, Baba," in ji Mustapha. "Malam, a duba dai don hankalinsa ya kwanta."

Falalu ya nufi motar. Ya fara gwada iskar tayoyi, ya tarar daidai take. Ya danna kusurwar motar da dukan ƙarfinsa, ko motsi ba ta yi ba, kamar ya danna dakali. Ya karɓi mukulli, ya bi titin da tireloli suka farfasa, ya dawo haƙoransa na haɗuwa. Sai ya ɗauko awo ya gwada daga ƙasa zuwa bakin taya. Motar ta sauka daga tsayinta na asali har yatsa huɗu.

Da ya ɗaga ta ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe bai fito ba. An yanke kowane sifirin, zagaye biyu biyu, bakin yankan har yana ƙyalli. Robar da aka sa don tare mota idan ta faɗa babban rami ta niƙe, domin a kanta motar take zaune dare da rana. Shokazoba kuwa na motar ɗaukar kaya aka cusa. Ya shafa gefen tayoyin baya, ya ji sun ƙone sun yi kaushi. Wannan ƙunar ya san ta. Ta masu wasan mota ce, waɗanda ke juyi a titi ranar ɗaurin aure.

Mustapha ya tsuguna ya leƙo, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, mu rufa wa juna asiri. Ka ce tsufa ta yi. Zan sa a gyara a hankali."

"Wa ya yanke?"

"Abokai ne suka ce in ta yi ƙasa ta fi riƙe titi. Sau biyar kacal na fita da ita."

"Allura nawa aka yi wa mahaifinka?"

Mustapha ya miƙe ya koma gefe.

Falalu ya fito, ya ciro sifirin guda, ya jefa shi gaban bencin da Alhaji ke zaune. Ƙarar ta sa masu walda na maƙwabta suka ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, ba bayanku ba ne. An yanke wa motarku ƙafa ne. A kan ƙarfe kuke zaune wata takwas!" Ya juya ga Mustapha. "Ka lalata mota, wannan ƙarfe ne, ana samun wani. Amma ka zauna kana kallo ana kai dattijo asibiti, ana ɗaukar hoton bayansa, ana hana shi tsayuwa a sallah, kana cewa girma ne? Da bakinka? Sannan ka zo rumfata in taya ka? Ni na yi maka kama da wanda ake haɗa baki da shi?"

"Malam Falalu, ka san da wa kake magana kuwa?"

"Na sani. Kwashe motocin kamfanin naku. Yau ma, kada ka bari sai gobe."

Alhaji Lawal ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki sifirin ɗin. Ya shafa bakin yankan da babban yatsa. Bai ɗaga murya ba.

"Mustapha, ba ni mukullin gidana da ke hannunka. Ka hau a-daidaita-sahu."

Samun sifirin irin nata bai zo da sauƙi ba. Falalu ya yi sawu bakwai a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya yi faɗa da dillalai uku da suka so su haɗa shi da na wata mota. A ƙarshe wani Dalhatu ya samo masa na wata irinta da ta ruɓe a wani gareji a Kaduna. Bayan mako biyar motar ta miƙe a tsayinta. Alhaji ya tuƙa da kansa har Challawa ya dawo, ya fito bai dafa ƙugu ba, ko da yake likita ya ce ciwon da aka riga aka jawo ba zai tafi duka ba.

Motocin kamfanin ba su ƙara zuwa ba. Aiki ya ja baya sosai a rumfar, har Falalu ya koma karɓar gyaran a-daidaita-sahu, abin da a da yake rainawa. Matarsa Hansatu ta ce da ya ja Alhaji gefe ya gaya masa a hankali, ba sai duk Sharaɗa ta ji ba.

"A hankali?" in ji shi. "A hankali aka yi wata takwas ana cutarsa."

Ya tura kwanon tuwon gefe, ya fita alwala yana ta faɗa shi kaɗai.