Yaren Holan a Bakin Turmi

Shekarar da maigidana ya samu aiki a gonar furanni a ƙasar Holan, aka ce ba zan bi shi ba sai na ci jarrabawar yarensu. Ni da na bar makarantar lakol ko faransancin kirki ban iya ba.

Kullum da hantsi sai ya turo mini saƙon murya a waya, yana koya mini yaren. Mutanen nan ba sa gajiya da haɗa kalmomi: su ɗauko wannan su manna da waccan, sai ka ga kalma ta yi tsawon igiyar guga. Asibiti ziekenhuis, wurin ajiye kekuna fietsenstalling. Mu a Cadawa jingine keke ake yi da bango, ba a raɗa wa wurin suna.

"Yanka ta gaɓa-gaɓa," in ji shi. "Fiet-sen-stal-ling. Ki danne ta farkon, sauran ki sake su."

Sai na kai abin bakin turmi. Taɓarya ta sauka da ƙarfi a gaɓar farko, sauran in bi su a hankali. Ƙannen mijina mata suka ɗauka, muka mayar da shi lugude, har da tafi. Surukata tana tankaɗe tana cewa, "Wanga yare ne ko tari? Allah shi sawwaƙe." Ba a jima ba ita ke tsawata mini in na danne gaɓar ƙarshe.

Ban taɓa jin muryar mijina da yawa haka ba. A gida maganarmu ba ta wuce ruwan wanka da cefane. Sai ga shi daga wata duniya yana maimaita mini kalma ɗaya har in fashe da dariya, shi ma ya yi. Na ji daɗin lokacin nan ƙwarai.

Na ci jarrabawar. Kafin takarduna su fito aikinsa ya ƙare, aka ƙi sabunta masa. Ya dawo da wata jibgegiyar rigar sanyi, ya koma noman aya.

Mata suka yi ta zuwa yi mini barka: miji ya dawo, na huta da ƙasar sanyi. Na yi ta amsawa. Ran nan da la'asar na kai masa fura zaure, na tarar ba kowa sai shi, sai na tsaya.

"Malam, faɗa mini wata doguwar kalma mana."

Ya kurɓa, ya miƙo mini ƙwaryar.

"Ke ko, mi za ki yi da ita yanzu?"