Tafinta a Shagon Ottmar Kafinta

Waltraud Ketterer ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koya wa 'ya'yan ƙauyensu na Jamus Turanci, kuma in ka tambaye ta sai ta ce asarar yawu ta yi. Waɗanda suka iya sun gudu birni, waɗanda ba su iya ba su ne ke gaishe ta a gidan burodi. Tun da ta ajiye aiki ba ta da sana'a sai noman kabeji da faɗa da maƙwabcinta Ottmar Dold, tsohon kafinta, a kan reshen tuffa da ya ƙetaro shinge. Shi ya sa ranar da ta gan shi a ƙofarta da hula a hannu ta ɗauka mutuwa aka yi.

"Jikata ce ta zo daga Kanada," in ji shi. "'Yar Irmela. Ba ta jin Jamusanci, ni kuwa Turancina bai wuce na gode ba."

"Wannan ɗin ma ko da Jamusanci ban taɓa jin ka faɗa ba."

Amma ta ɗauki ƙamus ta bi shi, don ta san labarin. Irmela ita kaɗai ya haifa, bahaguwa ce, ga son aikin katako kamar me. Ottmar ya ce ba a ƙera kayan aiki don bahago ba, ya hana ta shagon. Ta yi fushi ta tafi Kanada, har ta rasu bara ba ta dawo ba. Yanzu hannunsa rawa yake, wani mai gidan abinci kuma ya matsa a ba shi kayan aikin shagon ya rataye a bango don ado. Jikar, Tessa, kafinta ce, amma ta zo da fuska a murtuke, da niyyar ta ga tsohon ta juya. In ta juya a haka, ita da kayan duka sun tafi ke nan.

Ottmar so yake ya ba Tessa kayan, amma ya kafe kan yadda maigidan da ya koya masa aiki ya yi masa: ba a miƙa wa mutum kayan aiki sai an faɗi sunansa, shi ma ya faɗa. Zarto da guduma ba su ba da wahala ba. Da aka zo kan hobel, abin fere katako ya yi santsi, sai ƙamus ya ba Waltraud kalma ɗaya tak, alhali bango guda ne cike da su, kowanne da ƙaho a gaba wurin riƙewa, kowanne da sunansa.

"Wannan Schrupphobel, wannan Raubank," ya ce. "Faɗa mata mana, Malama."

"Kai dai ka cika sa wa itace suna kamar 'ya'yan kyanwa. Miƙo nan."

Ta tuɓe rigar sanyi ta tura shi a kan katako da kanta. Ta ga yana cin itace da haɗama, sai ta ce wa Tessa wannan shi ne mai fara aiki, mai barin kwari-kwari. Yarinyar ta ce, "Scrub plane." Dogon kuma mai miƙar da gefe ta ce jointer. Haka suka yi ta yi: tsoho ya faɗa, Waltraud ta gwada ta kwatanta, Tessa ta kawo sunan. Kafin azahar tafin hannun Malama ya yi kanta, garin katako har cikin gashinta, kuma rabon da ta ji daɗin aiki haka har ta manta.

Sai Tessa ta ɗauki ɗaya za ta gwada. Ƙahon ya ƙi zama a hannunta, ta juya shi, ta sake juyawa. Ita ma bahaguwa ce. Ta ɗago ta dubi kakanta ido cikin ido, tana jiran ya faɗi abin da ya faɗa wa uwarta.

Ottmar ya nufi lungun shagon. Ya durƙusa da ƙyar, ya ciro wani hobel daga ƙasan akwati, nannaɗe a tsumma. Bai taɓa cin katako ba, ƙahonsa kuma ya karkata ta ɗaya ɓangaren.

"Shi kuma me za mu kira shi?" in ji Waltraud.

"Ce mata na uwarta ne. Shekarar da ta tafi na sassaƙa shi. Girman kai ya hana ni aikawa."

Waltraud, wadda ba ta taɓa barin magana ta wuce ba ta sa mata gishiri ba, ta fassara wannan yadda take. Tessa ta karɓa, ƙahon ya zauna mata daram. Ta tura, ɓawon katako ya fito dogo yana nannaɗewa, tana kuka tana turawa.

"Na gode, Kaka," ta ce da Jamusancinta mai tuntuɓe.

Ottmar ya juyo wurin maƙwabciyarsa ya faɗi ɗan Turancin nan nasa na godiya, ya maimaita. Ta buɗe baki za ta gyara masa lafazi, sai ta fasa. Ta koma gida rungume da ƙamus tana gode wa Allah, don yau ta gane ba asarar yawu ta yi ba.