Layin Doshima Har Yanzu Fari Ne

Asabe ta haihu. Namiji, da safen nan, kuma ita da shi duk suna raye.

Sai yanzu na tuna ban yi muku sallama ba. Assalamu alaikum. Ku yi min uzuri, murna ce, kuma da yatsa ɗaya nake rubutun.

Asabe ita ce autata, wadda ke aure a Doma. Waɗanda suka san gidana sun san shekarun da ta yi tana jira. Yau ga shi Allah ya kawo, da hanci irin nawa sak. Tsohuwata Iya, uwar Asabe, har ta fara cewa ta yi sabon miji, ni in nemi inda zan koma. Na ce ya fara iya ɗaukar kwandon cefane tukuna.

Amma ba don Asabe kaɗai na zauna rubutun nan ba. A asibitin da jikana yake akwai wata yarinya kwance, ba nisa da ɗakinsu. Bayan ikon Allah, ba don ita ba ban san irin labarin da zan ba ku yau ba. Ita kuwa jini take jira, kuma har yanzu ba a samu ba.

Sunanta Doshima.

Na fara saninta ranar da ta shigo shagona na kafinta, 'yar siririya, da jakar kwamfuta da ta kusa rinjayarta. 'Yar Tibi ce, ta gama jami'a, ta kama haya a bayan shagon. Ta ce tebur take so mai gajerun ƙafafu, wanda za a ɗora kan gado.

Na ce, "Tebur a kan gado? A kwance za ki riƙa cin tuwo?"

Ta ce, "A'a Baba, aiki ne. Ni sikila ne. Wani rana ƙafa yana ƙi, amma hannu yana aiki."

Haka Hausarta take, mace da namiji duk "shi" ne a wurinta. Ban taɓa gyara mata ba, don ban taɓa kasa gane ta ba.

Na haɗa mata shi da katakon malaina, na goge kusurwoyin suka yi sumul don kada su buge ta. Da ta zo ɗauka ta shafa gefen da yatsa, ta dube ni. Daga ranar, duk sanda aka ɗauke wuta takan zo shagon ta yi caji a janaretona, ta zauna cikin dusar katako tana danne-danne.

Wata rana na tambaye ta me take haɗawa haka ba hutu.

Ta ce, "Tebur, Baba. Ni da kai sana'a ɗaya."

Ta juyo min da kwamfutar. Ba katako, ba ƙusa. Layuka ne a kwance da a tsaye, irin waɗanda malaminmu na makarantar yamma yake ja a allo. Kowane layi na mutum ɗaya ne da ke neman jini: sunansa na farko, irin jininsa, garin da yake, da lambar nas ɗin da za a kira.

Ku da ke cikin guruf-guruf na waya kun san yadda ake yi da. Wani ya turo hoton takarda, ana neman jini da gaggawa. A yi ta tura shi daga waya zuwa waya. Mutum ya bar gonarsa a Shabu, ya hau okada ya zo, a ce masa ai wancan an sallame shi tuni. Ko a ce masa Allah ya yi masa rasuwa. Wanda kuma ke nema a yau, saƙonsa ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan biki. Doshima ta san wannan a jikinta. Ta ce tun tana ƙarama take ganin mahaifiyarta tsaye a ƙofar asibiti tana tare mutanen da ba ta sani ba, tana roƙon jini.

Abin da take so shi ne, nas ta rubuta a wayarta, bayanin ya tafi wani wuri da suke kira kilawud, daga can ya sauko kan teburin da kowa zai iya buɗewa a tasa wayar. Ta ce min kilawud ɗin gajimare kenan. Na ce to, da rani fa? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce manyan kwamfutoci ne a wani wuri da ba a ɗauke musu wuta.

Teburin bai ba ta wuya ba. Ajiye bayanin ma bai ba ta wuya ba. Haɗa su ne ya cinye mata watanni. Wannan na gane shi sarai, don mu ma yanka katako ba komai ba ne, inda ƙafa ke shiga saman tebur nan aikin yake. Sai ta rubuta abu a waya, ta dubi kwamfuta, shiru. Sai ta rufe ta sake buɗewa kafin ya fito.

Na ce, "Ai ga shi ya fito."

Ta ce, "A'a Baba. Idan sai mutum ya rufe ya buɗe kafin ya ga sabo, hoto ne kawai. Ni ina so ya canza da kansa, a hannunka, kana kallo."

Wani yammaci ta buɗe min shi a wayata, ta ce kada in taɓa komai. Ta tsallaka titi ta tsaya wajen mai rake. Ina kallo, ban danna ko'ina ba, sai ga sabon layi ya faɗo da kansa: Baba Kafinta, yana neman shayi.

Ta ɗaga murya daga can, "Ya fito?"

Na ce ya fito. Ta hau rawa a bakin titi, masu keke suna ta yi mata hon.

Ni boko da girmana na koya. Na haura hamsin kafin in shiga ajin yamma, a kan bencin da ni na haɗa wa yaran makarantar. Har yau sai na bi harafi da yatsa. Shi ya sa ta ce ni zan fara gwada teburin kafin ta kai wa nas-nas ɗin da suka yarda su yi aiki da shi. Ita ta ƙara girman rubutun wayata. Ita ta buɗe min wannan shafin da kuke karantawa. Kuma ba ta taɓa fizge wayar daga hannuna don ta yi da kanta ba, komai daɗewar da zan yi. Sai ta zauna ta jira.

Ranar gwajin ta ce, "Baba, ka ɗauka kai mai ba da jini ne. Nuna min waɗanda suke nema."

Layukan wasu ja ne, wasu kore. Na tsallake jajayen duka, na nuna mata korayen.

Ta ce, "Me ya sa ka bar ja?"

Na ce, "Ai ja jini ne. Wanda layinsa ya yi ja ya samu kenan."

Ta ce ita ja haɗari take nufi, kamar danja a titi. Na ce ni dai abin da na tashi na gani, idan uwa tana so ta san ko ɗanta yana da jini, fatar idonsa take ja ƙasa ta duba. In ja ne, lafiya. In fari ne, a tafi asibiti.

Sai ta sa yatsa ta ja nata idon, ta matso. "Baba, duba nawa."

Fari ne. Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Washegari ta canza. Wanda ke nema layinsa fari, an rubuta "ana nema" a gefe. Idan an ba shi, nas ta danna, layin ya koma ja a wayar kowa lokaci guda. Ta kuma koya min yadda ake danna kan teburin a ware na gari ɗaya, ko na irin jini ɗaya, ko a jera su wanda ya fi daɗewa yana jira ya hau sama.

Zuwanta na ƙarshe shagon, cikin sanyin damina, na ga tana taka ƙasa a hankali. Ta ce ƙafa ɗaya ta teburinta tana rawa. Na ce ta kawo. Tana fita ta juyo ta ce, "Baba, ranar da Asabe ya haihu, ni ne farkon ɗaukar yaro. Ka gaya wa Iya kada ya yi min wayo."

Ba ta kawo teburin ba. Na ga ɗakinta a rufe, na ɗauka ta je ƙauye wajen mahaifiyarta.

To, yau da safe Sule mijin Asabe ya kira ni. Ta haihu, amma jini ya ƙi tsayawa, an taho da ita asibiti nan garin Lafiya. Na bar shago a buɗe na tare keke. Muna cikin cunkoson kasuwa na buɗe teburin, ina kallo layi ya faɗo a sama. Asabe. Fari.

Na sha ganin fararen layuka a wayar nan ina yi musu addu'a. Ban san nauyinsu ba sai da na ga sunan da ni na raɗa.

A asibiti aka gwada Sule, bai dace ba. Ni aka ce shekaru da hawan jini sun hana. Muna tsaye cirko-cirko sai ga wani mutum da takalmin roba duk laka, ya ce shi malami ne, daga gonar makaranta yake a Shabu, ya ga layin Asabe a wayarsa, jininsa irin nata ne. Aka shiga da shi. Ya fito ya sha lemo a tsaye, ya ce yana da darasi. Ko sunansa ban samu tambaya ba. In kana karanta wannan, ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabatanka.

Na zauna a benci da waya a hannu. Kafin nas ta fito ta yi mana magana, layin ya koma ja a tafin hannuna. Na nuna wa Sule. Katon mutum ya durƙusa yana kuka.

Da hankali ya kwanta, murna ta sa na fara yi wa surukina burga. Na ce zo ka ga yadda ake sarrafa shi. Na ware masa na Doma, na ware masa na Lafiya. Sai na danna wurin da ke ɗora wanda ya fi daɗewa a sama.

Doshima. O negatib. Fari, tun shekaranjiya.

Na tambayi nas, ta nuna min ɗakin. Na same ta kwance, mahaifiyarta zaune a ƙasa tana matsa mata ƙafa. Teburina yana kan gadon, an tokare ƙafar da ke rawa da kwali. Kwamfutar a rufe, wayar ce kawai a hannunta.

Ta ce, "Baba, na gani. Asabe ya yi ja."

Na ce, "Ke kuma kin yi fari kin yi shiru. Ko waya ba za ki yi min ba?"

"Kai jininka na tsoho ne. Rabi dusar katako."

Na ce, "Ke kika haɗa abin nan. Me ya hana ki ɗora naki a sama, ki kafe shi inda kowa zai gani?"

Numfashin ma da ƙyar take ja. Ta ce, "Tebur bai san mai shi ba, Baba. Idan na sa nawa a sama yau, gobe babban mutum zai ce a sa nashi. Sai ya lalace."

Mahaifiyarta ta ce masu irin jininta da suka sani, ɗaya ya yi tafiya, ɗaya bai daɗe da bayarwa ba, an ce ya huta. Ban ja fatar idonta ba. Ba sai na ja ba.

Ta tambaye ni ko yaron yana da kyau. Na ce kamannina ya ɗauko. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri.

Ba a kai mata shi ba tukuna, kuma na hana tsohuwata yawo da shi. Na ce akwai wadda ta riga ta kama layi.

Ita ta ƙi ɗora sunanta a sama. Ni ba teburinta nake taɓawa ba, wannan shafina ne, kuma a nan na ɗora ta a sama.

Ya Allah, kai ka san ciwon da yarinyar nan ta ɗauka tun tana goye, ka kuma san abin da ta yi da shi. Ka sassauta mata. Ka turo mata nata mai takalmin roban, yadda ka turo wa 'yata. Ka ba mahaifiyarta ƙarfin zuciya, ka raya jikana, ka ƙara wa Asabe lafiya. Ku ma ku sa ta a addu'a, na masallaci da na coci, ku ambaci sunanta.

Sannan ku zo ku ga jikana. Ba na son sabulu, ba na son atamfa. Ku zo da hannunku. Wanda ya san nasa O negatib ne kuma ba shi da sikila, don Allah ya riga kowa. Wanda bai san irin nasa ba ya zo a gwada, ko bai dace da ita ba akwai wasu fararen layukan a ƙarƙashinta. Wanda bai san asibitin ba ya aiko min saƙo, ko ya tambaya a shagona.

Hanyar ɗakin masu jego ta ƙofar ɗakin gwajin jini ta bi. A nan za ku same ni a kan benci, na aika a kawo min gam da guduma ina gyara ƙafar tebur, wayata a gefe a buɗe. Ina so idan layin nan zai koma ja, ya zama muna da yawa muna kallo. Daga nan in ɗauko yaron in sa mata a hannu.

Ku zo ku gani.