Barmo da Waren Albasa

Duk wanda ya zauna Galmi a shekarun tamanin ya san Barmo manomin albasa, ya kuma san gardamarsa da matarsa Sa'a. Ba a kan komai ba sai yadda za a ware albasa, manya daban ƙanana daban, kafin a zuba ta a rudu, ɗakin karan da ake ajiye ta. Ni Munkaila maƙwabcinsu ne, kunnuwana sun sha.

Barmo yakan ɗauki matsakaiciya guda ya riƙe. Wadda ta fi ta girma ya jefa dama, wadda ba ta kai ba ya jefa hagu, sannan ya sake raba kowane tsibi haka. Sa'a kuwa sai ta lalube tsibin gaba ɗaya, ta zaro babbarsu ta ajiye, ta koma lalube daga farko. In kwando ɗaya ne, ita ke riga shi, ta yi masa dariya son ranta. In amalanke ce cike, shi zai gama ya miƙe ƙafa, ita ko rabi ba ta yi ba.

"Sa'a, wanga aiki naki sai gobe," in ji shi.

"Malam, kai dai jihwa kaka yi. Ni kowace sai ta ji hannuna."

Sai ya matso yana mita yana taya ta har la'asar. Duk hirarsu ta duniya a gindin tsibin nan suke yin ta, kuma kullum yana jiran ranar da za ta ce hanyarsa ta fi. Ba ta taɓa cewa ba.

Sa'a ta rasu da daminar casa'in da biyu. Da aka cire albasa da bazara, Barmo ya zauna shi kaɗai, kafin hantsi ya gama tas. Na same shi yana kallon tsibin, kewa ta cika shi, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Kashegari na leƙa ta kan darni, sai ga shi yana lalube tsibi guda yana neman babbarsu. Na ce, "Barmo, yau kuma ka tuba?"

Bai ɗago kai ba.

"Tawa ta hi sauri, ko yanzu ban janye ba. Amma in na gama da wuri, Munkaila, mi za ni yi da sauran wunin?"